Ɗan Aikenmu Bai San Gaisuwa Ba

Zuwa ga Gwaggon Shawara,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Na san wannan fili ya fi sabawa da matsalolin zaman gida, kuma na yi ta jinkirin rubutowa don kada ki ce zancen kwamfuta ba naki ba ne. Amma da na zauna na duba da kyau sai na ga kwamfutar ba ta da laifi, abin da aka gaya mata take yi. Damuwata a kan wani dattijo ce da nake ganin girmansa kamar mahaifina. Ki yi haƙuri idan na tsawaita. Haka nake, ko a makaranta malamai kan ce idan aka tambaye ni abu ɗaya sai na taro shi tun daga tushe.

Bara na gama jami'a, na karanci kimiyyar kwamfuta. Ina aiki a wani kamfani da ke kula wa mutane da domen. Domen shi ne sunan da kike bugawa ya kai ki shafin wata makaranta ko wani shago a intanet, kuma a jikinsa imel ɗin wurin yake rataye. Wanda ya ƙwace domen ɗin mutum ya ƙwace masa ƙofar gida: saƙonninsa su riƙa faɗawa hannun ɓarawo, masu neman shafinsa su riƙa sauka a wani wuri dabam. Shi ya sa duk domen da ke hannunmu a kulle yake, ba a mayar da shi wani kamfani ko a canja masa mai shi sai mun buɗe. Aikinmu kenan, mu riƙe makulli kuma mu san wanda za mu buɗe wa.

Tun ina ɗaliba na fara zuwa kamfanin, lokacin horon aiki. A wancan lokaci ofishin yana saman wani shagon ɗab'i, ɗaki biyu ne da matattakala mai duhu wadda sai ka san ta kafin ka daina tuntuɓe. Idan aka kunna injin buga takarda a ƙasa, teburanmu har rawa suke yi, kofin shayi ya riƙa tafiya da kansa sai ka tare shi da hannu. Fankar ɗakin ɓangare ɗaya kawai take kallo, kuma ɓangaren babban injiniyanmu ne, saboda haka duk mai son iska sai ya ƙirƙiro tambaya ya je wurinsa. Kowa Baban Makullai yake kiransa, har masu shagon ƙasa. Shi kuma ya sa mini suna Sau Biyu, wai bai taɓa ganin na karanta abu sau ɗaya na yarda da shi ba. Idanunsa sun yi rauni yanzu, ya daina karanta jarida, shi ya sa na saki jiki nake faɗin wannan.

A kan teburinsa akwai wata waya mai igiya, launin toka, wadda lambobinta suka goge don yawan dannawa. Idan imel ya zo cewa a buɗe wani domen, ba ya amsa imel ɗin. Wayar yake jawowa ya kira mai domen ɗin, kuma a lambar da mutumin ya ba mu tun ranar farko, ko da sabon saƙon ya zo da wata lamba. Sai ya fara gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya jikin tsohuwa, an kuwa gyara rufin ajin nan da ke yoyo, ɗan nan naka ya ci jarrabawar? Mu muna gefe muna ƙifta wa juna ido, don wani lokaci shayinsa sai ya huce bai kai ga maganar aiki ba. Sai can a ƙarshe ya ce af, ya ga saƙo ya shigo. Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da wata mai makaranta ta ce masa ita ba ta aiko da komai ba. Ya yi mata godiya, ya ce ta gaida malamai, ya ajiye waya, ya shanye shayinsa mai sanyi, bai ko kalle mu ba. Daga baya na tambaye shi, ya ce mini ai shi ba gaisuwa kaɗai yake yi ba, sauraro yake yi, kuma mutumin da ba zai iya jiran ka tambayi lafiyar gidansa ba shi ne ya fi sa wa kunne.

Gwaggo, a ɗakin nan na koyi aiki. Shi ya nuna mini yadda ake karanta bayanan domen layi bayan layi da bakin biro. Ranar da na goge wani bayani bisa kuskure, bai ɗaga murya ba, ya jawo kujera ya ce mu mayar tare, muna gamawa ya ce to yau Sau Biyu ta zama Sau Uku. Har yau idan na ji warin tawada a kan hanya sai in tuna ɗakin nan.

Yanzu kamfanin ya girma. Mun koma wani sabon gini mai gilasai, sanyin na'ura har sai ka ɗauko rigar sanyi, kowa da abin sauraro a kunne, ba ka jin muryar kowa. Masu hulɗa da mu sun kai dubbai, kuma gaskiya ne ba mai iya kiran kowa ya tambayi jikin tsohuwarsa. Wayar mai igiya tana cikin kwali a ɗakin ajiya, na gan ta ranar da na je ɗauko takarda. Manajanmu ya kawo wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira wadda za ta riƙa karanta saƙonnin mutane tana aiwatar da abin da suka nema. Mun sa mata suna Ɗan Aike, don inda aka aike shi nan yake zuwa. An ba shi kayan aiki kamar yadda ake ba sabon ma'aikaci: ɗaya na sabunta rajistar domen, ɗaya na gyara bayanai, ɗaya na kullewa, ɗaya na buɗewa, ɗaya kuma na miƙa magana ga mutum. Kowane kayan aiki yana da ɗan rubutaccen bayani a jikinsa, kuma da wannan bayanin kaɗai Ɗan Aike yake sanin abin da zai ɗauka da lokacin da zai ɗauka. Bai taɓa zama a tsohon ɗakinmu ba, bai san komai ba sai abin da aka rubuta masa.

Baban Makullai ne ya rubuta bayanan. Yanzu ba kullum yake zuwa ba, mai ba da shawara ne kawai, kuma ina zargin manaja ya ba shi aikin ne don kada a ce an yi watsi da shi. Amma shi da gaske ya ɗauka. Ya ƙara girman rubutun allonsa har kalma huɗu ta cika shi, ya sa fuskarsa dab da gilashin, ya yi makonni yana yi. Da ya gama ni ya fara kira. Ya ce wannan ne aikinsa na ƙarshe kafin ya koma gida ya zauna da jikoki, in duba masa in ga ko tsoho ya iya magana da Ɗan Aike. Na karanta sau biyu kamar kullum, na ce masa ban ga kuskure ba. Kuma har yanzu babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki.

Sai aka ba ni aikin gwada bayanan kafin a saki Ɗan Aike a kan domen na gaske. Na shirya wurin gwaji da domen na bogi, na rubuta saƙonni hamsin. Yawancinsu buƙatu ne na yau da kullum, kuma a waɗannan ya yi abin da ya kamata, har ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Amma goma sha biyu daga ciki na yaudara ne, irin waɗanda muka sha gani: wanda ke cewa shi sabon akawun kamfanin ne, wanda adireshin imel ɗinsa ya yi kama da na gaske, wanda ke cewa maigidansa yana asibiti kuma a buɗe yau yau ɗin nan. A cikin goma sha biyun, Ɗan Aike ya buɗe tara. Da ladabinsa ma, har yana yi wa ɓarawon fatan alheri.

Manhajar tana barin bayanin dalilinta a kan kowane mataki, sai na bi na karanta. Bayanin kayan buɗewa ya faɗi abin da yake yi, da abin da ake shigar masa, da tsawon lokacin da domen zai zauna a buɗe. Komai daidai. Amma babu inda aka ce a tabbatar da mai nema ta wata hanya dabam kafin a buɗe. Shi kuma kayan miƙa magana ga mutum, an rubuta cewa ana amfani da shi ne idan sauran kayan sun ƙi aiki. To ba abin da ya ƙi aiki, saboda haka Ɗan Aike bai ga dalilin damun kowa ba. Nan na gane abin da ya faru. Baba bai rubuta maganar kira ba saboda a wurinsa kiran ba mataki ba ne da ake rubutawa, kamar yadda ba za ki rubuta wa mutum ya yi sallama kafin ya shiga gida ba. Ni ma da na karanta ban lura ba, don a cikin kaina kiran yana nan.

Na so in tabbatar ko laifin manhajar ne, don wallahi na so ya zama nata. Na kwafi bayanan zuwa gefe, na ƙara jimla uku: cewa buɗe domen abu ne mai haɗari, cewa idan saƙo ya nuna gaggawa ko mai nema baƙo ne a miƙa wa mutum, cewa miƙawa ba gazawa ba ce. Na sake gwajin. Wannan karon ya miƙa goma sha ɗaya, kuma bai fara tura mana kowane ƙaramin abu ba. Wato dai bayanin ne. Saura ɗaya, kuma wannan ɗayan ne ya hana ni sukuni. Saƙo ne da na rubuta da kaina ina kwaikwayon tsohon abokin hulɗa, mai doguwar gaisuwa, yana tambayar lafiyar ma'aikata, yana cewa ba gaggawa, duk lokacin da muka samu dama. Ɗan Aike ya rubuta cewa mai nema ya nuna alamun daɗaɗɗiyar hulɗa, ya buɗe. Na yi dariya ni kaɗai a gaban allo, sannan idona ya kawo ruwa. Rabin darasin Baba na iya, na koya wa Ɗan Aike rabin, shi kuma ya ɗauka duk mai gaisuwa mutumin kirki ne. Ban san yadda zan rubuta sauran ba, don ban san ainihin abin da kunnen Baba yake nema a cikin wayar nan ba.

Ga inda na maƙale. Farkon mako mai zuwa zan gabatar da rahoto a taron ma'aikata, daga nan a saki Ɗan Aike. Manajanmu ba mugu ba ne, amma yana da baki, kuma ya sha faɗa a taro cewa zamanin waya mai igiya ya wuce, yana faɗa yana kallon kujerar Baba. Idan na tashi na ce bayanan sun bar ɓarawo ya shiga sau tara, na san fuskar da zai yi, kuma na san da wannan Baba zai sauka daga aikin da ya ba rayuwarsa. Abokiyar aikina da muke teburi ɗaya ta ce ni dai son wahala ne da ni. Ta ce in ɗauke nasa in sa nawa a ɓoye, in kai sakamakon gwaji na biyu, sunan Baba yana nan a kan aikin, manaja ya yi murna, kowa ya tafi gida. Ta ce ba mai duba tarihin gyara a kamfanin nan sai ni, ni kuma ba zan kai ƙarar kaina ba.

Na gaya wa Mama ba tare da na shiga zancen kwamfuta ba. Ta ce ita dai abin da ta sani, ba a tsinka babba a gaban mutane, kuma mutumin da ya riƙe ni kamar 'yarsa bai cancanci haka daga gare ni ba. Yayana, wanda na riga na ba shi cikakken labarin, yana gefe yana cin abinci ya ce ai shi a ganinsa Ɗan Aiken ya fi ni tarbiyya, tunda ko ɓarawo ya gaishe shi yana amsawa. Duk suka yi dariya, ni ko abincin na kasa ci.

Gwaggo, idan na bi shawarar abokiyata na rufa wa Baba asiri, amma rahotona zai zama ƙarya, kuma ƙofa ɗaya tana nan a buɗe wadda ni kaɗai na san da ita. Ina tuna mai makarantar nan. Idan kuma na faɗi gaskiya yadda take, ni ce zan zama wadda ta rufe aikin Baba da kunya, ni da ya kira ya nuna wa aikin yana murmushi. Jiya ma ya wuce ta teburina ya tambaye ni ko Ɗan Aike yana jin maganarsa, na ce masa ina kan dubawa. Ban taɓa ɓoye masa komai ba sai jiya. Wani lokaci ji nake da ma muna saman shagon ɗab'in nan, in ƙirƙiro tambaya in je in tsaya gaban fankarsa. Me zan yi?

Taki,
Sau Biyu

*

'Yata Sau Biyu,

Wa alaikumus salam. Kin yi daidai da kika rubuto, kuma kada ki damu da tsawo, na karanta sau biyu ni ma. Ban san komai a kan domen ba kafin wasiƙarki, yanzu kuwa har na je na tambayi mai kula da kwamfutocin jaridar nan wa ke riƙe da makullinmu. Sai da ya je ya duba takardu kafin ya amsa, abin da bai kwantar mini da hankali ba.

Bari in fara da abin da ba na shakka a kansa. Kada ki canja bayanan a ɓoye. An ɗauke ki aiki ne don ki zama idon kamfanin, kuma masu makarantu da shaguna da ba su taɓa ganin fuskarki ba sun dogara da wannan idon. Ke da bakinki kin ce gyaranki bai toshe ko'ina ba. Ranar da ɓarawo na gaske ya shigo ta ƙofar da ta rage, za a buɗe tarihin gyaran da abokiyarki ta ce ba mai dubawa, a ga hannunki, a ga sunan Baba a sama. Kunyar da kike gudar masa ta taro ɗaya ce, wannan kuwa za ta bi shi har gida. Sannan ki yi tunani a kan abin da ɓoyewar take nufi. Mutumin da ya jawo kujera ya ce ku mayar tare ranar da kika yi kuskure, yau ke ce za ki yanke hukuncin cewa ya tsufa da jin gaskiya? Ba na jin zai gode miki idan ya sani.

Amma Mamanki ma ba ta yi kuskure ba, kuma abokiyarki tausayi ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Bai kamata Baba ya fara jin wannan magana a cikin taro ba, yana zaune ana kallonsa. Kin ɗauka hanya biyu ce kawai a gabanki, ko ki ɓoye ko ki tsinka shi, alhali tsakanin yau da ranar taron akwai lokacin da ya ishe ki ki yi abin da ya dace.

Gobe ki sami manaja shi kaɗai. Ki gaya masa a taƙaice cewa gwaji ya nuna bai kamata a saki Ɗan Aike a kan buɗe domen ba tukuna, ki ba shi alƙaluman yadda suke, ki ce kina so ki zauna da wanda ya rubuta bayanan kafin taro. Wannan ba alfarma ba ce, haka ake aiki a ko'ina. Idan yana da abin faɗa a kan waya mai igiya, gara ya faɗa a gabanki ke kaɗai ya huce. Kuma ki yi masa adalci a zuciyarki, yana da gaskiya cewa ba za a iya kiran dubban mutane ba, kuma na ji an ce yanzu har muryar mutum ana iya kwaikwaya da na'ura. Kunnen Baba kaɗai ba zai riƙe kamfanin ba a yau, kamar yadda jimlolinki uku ba su riƙe shi ba.

Daga nan ki je wurin Baba. Ki nuna masa gwajin farko, ki nuna masa na biyu, sannan ki nuna masa saƙon nan mai doguwar gaisuwa da ya kayar da ke. Kada ki ɓoye wannan na ƙarshe don ki yi kyau a idonsa, shi ne ainihin abin da ya kai ki. Ki gaya masa gaskiya cewa kin iya rabi, kin zo karɓar sauran. Kada ki ce ya rubuta, kin riga kin ga abin da ke faruwa idan ya rubuta: abin da ya fi sani shi yake tsallakewa. Ki sa shi ya ba ki labarin kiran da ya yi ɗaya bayan ɗaya, ki riƙa tsayar da shi kina tambayar me ya sa, ke ki rubuta. Ina zargin za ki tarar sirrin bai tsaya ga gaisuwar ba. Ki lura, ke kika gaya mini cewa shi yake kira, kuma a tsohuwar lamba. Ɓarawo yana iya rubuto gaisuwa shafi guda, amma ba shi ya zaɓi lambar da Baba ya buga ba. Ki tambaye shi ko na yi daidai.

Mai kula da kwamfutocinmu ya ƙara da wata magana da na ga ta dace in isar miki. Ya ce abu mai haɗari kamar buɗe domen bai kamata a bar shi ga rubutaccen bayani kaɗai ba, komai kyansa. A gyara kayan aikin kansa ya ƙi buɗewa sai wani mutum ya tabbatar ta hanyar da kamfani ya riga ya sani. Ke kika san ko hakan zai yiwu a wurinku, amma ki sa shi cikin shawarwarinki.

A rahoton, ki kawo duka sakamakon biyu ba ragi ba ƙari, har da inda gyaranki ya gaza. Ki faɗi giɓin yadda yake: kamfanin yana da wata hanyar tsaro da kowa ya sani har ba wanda ya taɓa rubuta ta, kuma ke ma kin karanta ba ki lura ba. Wannan gaskiya ce, ba kwaskwarima ba. Idan Allah ya sa kun gyara tare kafin taro, ki roƙi Baba ya yi bayanin gyaran da bakinsa. Ba zan yi miki alkawarin ba zai ji zafi ba. Zai ji, ya sa zuciyarsa a aikin nan. Wataƙila ma ya janye jiki na kwana biyu. Ki bar shi, kada ki bi shi da ban haƙurin da zai sa ya koma lallashinki.

Maganar tsohon ofishi kuwa, 'yata, ba zai dawo ba, kuma ba laifi ki yi kewarsa. Amma mutumin da ya sa ɗakin ya zama abin kewa yana nan da ransa, yana wucewa ta teburinki yana tambayarki. Idan an ba ki izini, ki ɗauko wayar nan daga kwali ki goge ta ki tafi masa da ita. Kuma idan kin isa, kada ki fara da alƙaluma. Ki tambayi idanunsa, ki tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ki bar shayin ya huce. Zai gane da magana kika zo tun kafin ki kai rabi, ai aikinsa kenan. Sai can a ƙarshe ki ce af.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa ya sauka daga aikinsa da mutuncinsa cikakke. Ki gaida Mama, ki ce wa yayanki ya rage baki.

Gwaggonki